Hatsi, Kaskon Ruwa, Tukunyar Sheƙa ko Dashe: Da Wanne Za Ka Fara wa Tsuntsayen Gidanka?

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a Katsina da azahar cikin watan Afrilu ya san irin tsayuwar da kurciya take yi a bakin makwarara: baki a buɗe, fukafukai a sake, maƙogwaro yana kaɗawa, tana jiran a zubar da ruwan wanke-wanke. A wannan wata zafi yakan haura digiri 40, kududdufan bayan gari sun daɗe da ƙafewa, rabon ƙasa da ruwan sama kuwa tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ƙanwata da ke aure a Daura ta ga irin haka a gidanta, sai ta kira ni. "Yaya, ina so in yi wa tsuntsayen nan wani abu, amma kowa da abin da yake faɗa mini. Wannan ya ce in watsa gero, wancan ya ce in rataya gora, maigidan kuma ya ce ɓeraye zan tara masa."

Amsar da na ba ta a waya gajera ce: ki fara da ruwa. Har yanzu a kan haka nake. Sai dai gidaje sun bambanta, wani yana da kaji, wani yana haya a bene, wani katangarsa ta jingina da gonar maƙwabci, don haka ya kamata a baje zaɓuɓɓukan a faifai kowa ya ɗauki wanda ya dace da shi.

Lokacin sheƙa a nan ba irin na Turai ba ne

Yawancin shawarwarin da mutum zai ci karo da su a intanet an rubuta su ne don ƙasashen da tsuntsu ke fitowa daga hunturu mai ƙanƙara ya shiga gina sheƙa tsakanin Maris da Yuni. A can abinci ne ke ƙaranci, ruwa kuwa ko'ina akwai. Mu a nan ruwan sama ne ke juya komai. Kurciya da hasbiya suna iya yin ƙwai kusan kowane wata na shekara. Shamuwa takan iso daga kudancin Afirka a ƙarshen bazara, ta hau manyan itatuwan cikin gari tana jera ƙirare, shi ya sa manomi ke fara duba irinsa da zarar ya gan ta. Kabare yana jiran ciyawa ta yi kore kafin namiji ya fara saƙa. Cilakowa mace takan shige kogon itace ta liƙe ƙofar da laka, ta bar 'yar tsaga da mijin zai riƙa miƙa mata abinci, wannan ma sai da damina. Baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shigowa har cikin ɗaki, ta fi yin sheƙa daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi. A Maris da Afrilu kuma akwai baƙi, ƙananan tsuntsayen da suka yi hunturu a wajenmu suna shirin tsallake Sahara su koma Turai.

Ke nan lokacin sheƙarmu yana farawa cikin ƙishirwa, yana ƙarewa cikin wadata. Abin da ke ceton rai a Afrilu yana iya zama ɓarna a Agusta. Wannan shi ne ma'aunin da na fi ba nauyi: shin abin da za ka ajiye shi ne tsuntsu ya rasa a wannan watan? Bayan shi sai kuɗi, na farko da na yau da kullum. Sai ƙarko, ganin irin ranarmu da gara da iskar farkon damina. Sai ɗawainiya, domin abin da ba za ka iya kula da shi kullum ba gara ba ka fara ba. Sai haɗari, ga tsuntsun da kuma ga mutanen gida. Jin daɗin kallo ma ma'auni ne, ban raina shi ba, amma shi ne na ƙarshe.

Kaskon ruwa

Zan daɗe a nan, domin nan ne amfanin ya fi yawa, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Ruwa ba ya zaɓen baƙo. Gero sai mai cin tsaba, amma kasko kowa nasa ne: kurciya, gwara, asisi, shaya mai sheƙi, sha-kauci da ke bin furanni, ƙadangare, ƙudan zuma, da dare kuma bushiya da kwaɗo in kaskon yana ƙasa. Kurciya mai 'ya'ya tana da buƙata ta musamman, saboda a kwanakin farko ba tsaba take ba 'yan shilarta ba, wani farin abu ne mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙoshinta, uwa da uba duka suna yin sa, kuma jikin da ya bushe da ƙishirwa ba ya samar da shi yadda ya kamata. Ga wanka, wanda ke rage musu zafi ya kuma gyara gashi.

Kuɗin kaɗan ne. Ƙaramin kasko a wajen masu tukwane ban taɓa sayensa da kuɗin da ya kai na tiyar gero ba. Ruwan kuma lita 2 ya isa wuni, wato jarka ɗaya mai lita 25 daga hannun ɗan garuwa za ta kai ka kwana 12. Ba sai ruwan sha ba, na rijiya ya wadatar, in dai babu sabulu ko omo a ciki.

Wane mazubi? Na gwada huɗu. Kaskon yumɓu ya fi sauran nesa ba kusa ba: yana sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi, cikinsa yana da kaushi ƙafar tsuntsu ba ta zamewa, yana da nauyin da iska ba ta kifar da shi. Aibinsa biyu ne, yana tsotse ruwa don haka da azahar sai an ƙara, kuma akuya ko yaro na iya fasa shi. Kwanon ƙarfe ba ya fashewa, amma in rana ta same shi kafin azahar ruwan ya zama na shayi, daga baya kuma tsatsa. Roba ta fi araha, sai dai tana da santsi, ranar Katsina kuma takan busar da ita ta fara tsagewa kafin shekara ta zagayo. Kwamin siminti yana daɗewa ƙwarai, amma nauyinsa shi ne matsalarsa: abin da ba ka iya ɗagawa ka kifar ba za ka riƙa wanke shi ba, sai dai ka yi ta ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Tsohuwar taya kuwa kada ma a fara, gidan sauro ce.

Zurfi kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu ta yatsa. A sa dutse mai faɗi ko 'yar tsakuwa a gefe ɗaya yadda kanta zai fito saman ruwa, don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa, zuma da ƙadangare kuma su samu hanyar fita. Da wannan nake roƙon a riƙa rufe bokiti da duro da randa a bazara. Tsuntsu mai ƙishirwa yakan leƙa ciki ya zame, jiƙaƙƙen fiffike kuwa ba ya tashi daga ruwa mai zurfi.

Wurin ajiyewa shi ne abin da na koya da baƙin ciki. Shekarar farko na sa kaskona a gindin lalle, jikin katanga, don inuwa. Cikin mako guda na tsinci gashin kurciya sau biyu. Kyanwar maƙwabta ce ke kwanciya cikin lallen, ni kuma na kawo mata abinci har bakin maɓoyarta, na ba kura ajiyar nama. Ɗaya daga cikin kurciyoyin tana da ƙwai biyu a kan darbejiya, kuma ba su ƙyanƙyashe ba. Tun daga ranar nake ɗora kasko a kan bulo uku, a inuwa, amma da tazarar taku uku zuwa huɗu daga duk wani abin da kyanwa za ta iya laɓewa a bayansa. Ana son reshe a kusa inda tsuntsu zai sauka ya duba kafin ya sha, ba a son duhuwa a gindin ruwan. Wanda yake son bushiya ta samu rabonta sai ya ƙara ƙaramin kasko a ƙasa da magariba, ya ɗauke da safe. Ruwa zalla za a ba ta, madara tana sa ta zawo.

Haɗarin kasko biyu ne, kuma maganinsu ɗaya. Na farko sauro: cikin zafi irin namu daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako guda zuwa kwana 10 ba, saboda haka wanda ke zubar da ruwan kullum ya yanke masa hanya. Akwai irin sauron da ke liƙa ƙwansa a jikin mazubi, shi ya sa zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge da soso. Na biyu cuta. Masu kiwon tattabara sun san ciwon nan da ke tara wani abu rawaya kamar cuku a cikin baki har ya toshe maƙogwaro. Ƙwayarsa tana bin yawu ta shiga ruwa da abinci. A Ingila tun daga 2005 ta tsallaka daga dangin tattabara zuwa ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, ta yi musu mummunar ɓarna, kuma wuraren da mutane ke ciyar da su da kyakkyawar niyya suna cikin hanyoyin yaɗuwarta. Sa'armu ɗaya, ƙwayar ba ta jure bushewa, mu kuwa rana muke da ita a wadace. Ka sayi kasko biyu. Yau wannan yana aiki, wancan yana kife a rana bayan an goge shi. Gobe a musanya. Wannan 'yar dabarar ta fi duk wani magani da za ka saya.

Watsa hatsi a ƙasa ko a faifai

Wannan ita ce hanyar iyayenmu, kuma tana nan a kowane gida da ake sussuka da surfe, ko ba a yi niyya ba. Ba ta buƙatar sayen komai ban da hatsin. Tafin hannu ɗaya da safe ya isa, kuma a haka tiya ɗaya takan kai ni fiye da wata ɗaya da rabi. Gero ya fi dacewa domin ƙwayarsa ƙarama ce, asisi da baiwar Allah suna iya ɗauka. Dawa ta kurciya da hasbiya ce. Masara sai an ɓarza ta zama tsaki. Wajen kallo babu wadda ta kai ta, musamman daga bayan asuba zuwa hantsi, lokacin da za ka ga wa ke korar wa, wa ke jira a gefe.

Tana da amfani a ƙarshen bazara, lokacin da tsabar ciyawar bara ta ƙare a daji, da kuma makonnin farko na damina da ragowar tsabar ta tsira ta zama ganye. Amma a sani, gero abincin iyaye ne. Gwara da kabare, duk da cewa masu cin tsaba ne, da ƙwari suke renon 'ya'yansu: tsutsa, ƙananan fara, gina da ke fitowa bayan ruwan farko. Buhun gero ba zai maye gurbin wannan ba.

Haɗarinta ya fi na sauran yawa. Abin da ya kwana a ƙasa na ɓera da gafiya ne, inda ɓera ya yawaita kuwa maciji na tafe. Maigidan ƙanwata bai yi ƙarya ba. Kashi yana haɗuwa da abinci a wuri ɗaya. Shirwa da shaho suna gane inda ake taruwa, yara masu danƙo ma haka. Sai nau'in hatsin: kada a ba su irin shuka da aka cuɗa da magani, mai launin ja ko ruwan hoda, guba ne, haka hatsin da aka adana da maganin ƙwari, haka gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin dafin da ke cikinta yana lalata hanta, na tsuntsu da na mutum. Ragowar tuwo da miya da shinkafa mai mai da gishiri ba nasu ba ne, cikin zafi sa'o'i kaɗan suke yi su lalace. Gyaɗa guda-guda kuma tana iya shaƙe ɗan tsuntsu in uwar ta kai masa.

In za a yi, a zuba abin da zai ƙare kafin hantsi, a share wurin, a riƙa sauya gurbi bayan 'yan kwanaki. Da shuka ta kama sai a daina. Daga lokacin daji ya ɗauki nauyinsu, ci gaba da zubawa kuwa tara garke ne da zai koma kan geron maƙwabci in ya fitar da kai. Wanda ya ga abin da tsuntsun jan-baki ke yi wa gonakin Jigawa da Yobe ba zai ɗauki ƙorafin manomi da wasa ba, ko da yake masu zuwa tsakar gida ba su kai wancan yawa ba.

Mazubin ratayawa

Gorar ruwa ta roba da aka huda aka soka mata tsinke, ko ƙwarya da igiya uku, ko irin na kanti da ake shigowa da shi. Fa'idarsa ita ce ya ɗaga hatsi daga ƙasa: kaji da awaki ba sa kaiwa, kyanwa na shan wahala, kashi ba ya zuba a kan abinci in mazubin rufaffe ne. Na gora kyauta ne amma wata uku zuwa huɗu rana ta cinye shi. Ƙwarya tana da kyau, sai dai buɗaɗɗiya ce, da damina takan jiƙe ta yi baƙi. Na kanti yana da tsada, ba a samunsa a kowace kasuwa, kuma an ƙera yawancinsu ne don tsuntsayen da suka saba cin abinci a rataye.

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin baƙin tsakar gidanmu masu kiwo a ƙasa ne. Kurciya, asisi, baiwar Allah, duk sun fi son su taka ƙasa su tsattsaga. Kabare da gwara ne ke hawa gora, su kuwa ba su ne suka fi buƙatar taimako ba. Abin da suka zubar kuma yana komawa ƙasa, ɓera ya same shi. Wankin cikin gora ma aiki ne, kuma ruwan sama ɗaya ya isa ya sa geron ciki ya tsira ko ya ruɓe. A ganina wannan zaɓi na mai bene ne, ko wanda tsakar gidansa cike take da dabbobi.

Tukunyar sheƙa ko akwati

Tsohuwar tukunya ko tulu da aka ɗaure a ƙarƙashin rumfa, ko akwatin katako da kafinta zai haɗa da ragowar allo. Dalilinsa gaskiya ne: gidajen ƙasa da jinka da danni suna da ramuka da saƙo-saƙo da gwara da baiwar Allah ke shiga, ginin bulo mai filasta da silin kuwa bai bar musu ko ɗaya ba. Amma masu amfana kaɗan ne. Kabare da shamuwa ba ruwansu da akwati, kurciya kuma buɗaɗɗen wuri take so, 'yar ƙwarya ko tsohon kwando a lungun rumfa ya ishe ta.

Tukunya ta fi katako a nan, domin gara ba ta cin ta kuma ba ta ɗaukar zafi sosai. Gwangwani da kwano kada a kusance su, tanda ne. Ƙofa ta zama santimita 3 zuwa 4, kada hankaka ya samu hanyar zura baki. A ɗaga ta mita 2 zuwa 3. Kada bakinta ya kalli gabas, ta can hadarinmu ke tasowa da iska. Kada ya kalli yamma, ranar la'asar za ta gasa 'ya'yan. Kudu ko arewa, cikin inuwa, a ɗan karkata bakin ƙasa. Ɗawainiyarta kusan babu, sai kwashe tsohuwar sheƙa sau ɗaya a shekara bayan an tabbata kowa ya tashi. Haɗarinta rina da tururuwa, wani lokaci maciji, da hannun yara. Tana kuma son haƙuri, domin takan yi shekara babu wanda ya leƙa.

Akwai abin da ya fi rataya tukunya, kuma ba ya cin ko kwabo: kada a rushe sheƙar da ke akwai. Ƙarshen bazara ne lokacin gyaran jinka da yaɓe da sare rassan da ake tsoron iska ta karya. A duba kafin a sa gatari. Kurciya kwana 14 ko makamancin haka take kwanci, 'ya'yan kuma su yi kamar mako biyu su tashi, wato jiran wata ɗaya ne kacal. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a cikin tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. In an tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, mai gashi a bar shi, iyayen suna kusa, a dai kawar da kyanwa. Tsirara kuma a mayar da shi sheƙa, taɓawar hannu ba ta sa uwa ta ƙi shi. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shiga huhu.

Dashe da barin lungu guda

Wannan ne kaɗai zaɓin da ke ba da abinci da inuwa da wurin sheƙa da ƙwarin reno gaba ɗaya, kuma shi ne hadisin Bukhari da Muslim ya ambata, cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Kuɗin dashe kaɗan ne, na ban ruwa da kariya daga awaki a shekara biyun farko shi ne nauyin. A jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kafin a dasa.

Zogale ya fi kowa sauri, cikin shekara guda ya yi fure, sha-kauci ta zo, gida kuma ya samu ganye. Gwanda ma haka, in za ka iya yafe wa tsuntsu nunanniya ɗaya. Darbejiya tana jure fari, tana ba da inuwa duk bazara, 'ya'yanta kuma tsuntsaye da jemagu suna sha. Magarya da kurna suna da ƙaya, ƙaya kuwa katanga ce ga mai sheƙa, kyanwa ba ta hawa da daɗi. Lalle yana yin shinge mai duhu da ƙananan tsuntsaye ke so. Ɓaure da cediya da durumi babu kamarsu wajen tara tsuntsaye, amma saiwarsu tana fasa gini ta bi ruwa har cikin sokawe, don haka sai fili mai faɗi, ƙofar gida ko bakin masallaci. A bar lungu ɗaya ciyawa ta yi tsaba, nesa da ɗakin kwana, kuma a rage feshin maganin ƙwari a wajen, domin tsutsar da ka kashe ita ce abincin ɗan gwara. Aibinsa a fili yake: ba ya taimakon kurciyar da ke haki yau, ɗan haya kuma ba shi da iko da ƙasar.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Ɗawainiya | Babban haɗari | Lokacinsa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kaskon ruwa | Kaɗan, sai lita 2 a wuni | Shekaru, in bai fashe ba | Kullum: zubarwa, gogewa | Kyanwa, sauro, cuta | Fabrairu zuwa saukar ruwa |
| Watsa hatsi | Kuɗin hatsi a kai a kai | Babu abin lalacewa | Kullum: zubawa, shara | Ɓera, cuta, rigima da manomi | Afrilu zuwa kamawar shuka |
| Mazubin ratayawa | Kyauta ko mai tsada | Gora wata 3 zuwa 4 | Wanki duk mako | Ruɓewar hatsi | Rani kawai |
| Tukunyar sheƙa | Kaɗan, sau ɗaya | Shekaru | Sau ɗaya a shekara | Zafi, rina, yara | A rataya kafin damina |
| Dashe | Kaɗan, sai ban ruwa | Ya fi duka | Mai yawa da farko | Saiwa, awaki, maciji | A dasa Yuni zuwa Yuli |

Wa ya dace da wanne

Mai kiwon kaji, talo-talo ko tattabaru, musamman na sayarwa, ya bar maganar hatsi gaba ɗaya. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, cutar ba ta daina dawowa Arewa ba, kuma haɗa tsuntsun daji da na gida a kwano ɗaya shi ne abin da likitocin dabbobi ke hanawa. In zai sa ruwa, ya sa shi a ɗage, can nesa da akurki, da sosonsa daban.

Ɗan haya mai ɗaki ɗaya ko mai zama a bene: kasko a baranda, in yana so ya ƙara gora ɗaya. Ya tuna da wanda ke ƙasa da shi, kashi da ƙaiƙayi a kan shanyar maƙwabciya ba sadaka ba ne.

Wanda gidansa ke bakin gona, a ƙauyukan Daura ko Mashi ko Batagarawa: ruwa da dashe, hatsi kuwa in ya zama dole to ya tsaya da ruwan shuka.

Matafiyi, ko ma'aikacin da ke kwana uku bai ga tsakar gidansa da rana ba: tukunyar sheƙa da itace. Kaskon da ba a wankewa ya fi rashinsa illa. In akwai yaro mai hankali a gida a danƙa masa aikin, na ga yaron da ya ajiye danƙonsa da kansa bayan ya yi wata guda yana cika kasko yana ƙirga masu zuwa.

Mai son kallo da koyo, ko malamin da ke son nuna wa ɗalibai: kasko da tafin gero ɗaya, tabarma a nesa, littafin rubutu. Madubin hangen nesa yana da daɗi amma a tsakar gida ba dole ba ne. Wanda abin ya shiga ransa zai iya tura abin da ya gani ga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos, ke jagoranta.

Ga kowa kuma: ranar da ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, yana zaune ba ya gudu, bakinsa a jiƙe, ko ka tsinci matattu fiye da ɗaya, ka ɗauke kasko da faifai gaba ɗaya na mako biyu zuwa uku, ka wanke su da ruwan zafi ka shanya. Kada a taɓa mushen da hannu tsirara, kada yara su ɗauka, in kuma suna da yawa a sanar da ofishin likitan dabbobi.

Ƙanwata tana da kaji shida da tsakar gida madaidaiciya, don haka gero ya fita daga lissafinta. Kasko biyu ta saya, ta ɗora ɗaya a kan tsohon turmi da ta kife a inuwar rumfa, can gefen da kajin ba sa zuwa. Kwana huɗu babu wanda ya sauka, a na biyar ta kira ni tana ƙirga mini asisi bakwai. Reshen zogale kuma na yanka mata guda uku, suna jingine a gindin randa, sai ruwa ya zauna in kai mata.